Baƙi a Ƙasar Masai

A kowace shekara, daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da dabbar nan mai kama da gwanki, wadda Suwahilawa ke kira nyumbu, take ƙetaro kogin Mara daga Tanzaniya zuwa Kenya tare da jakunan dawa, a garken da ya haura miliyan ɗaya, iyalai masu hali daga Turai da Amurka da Asiya sukan kwaso 'ya'yansu su nufo ƙasar Masai, domin su ga abu biyu a tafiya guda: namun daji a dawarsu, da mutanen da suka zauna da su tun kaka da kakanni.

Babban sababin wannan sha'awa shi ne hoto. Tun fim ɗin da Bajamushe Bernhard Grzimek ya yi a kan dajin Serengeti na Tanzaniya a 1959, har zuwa zanen Disney na sarkin zakuna a 1994, an dasa wa mutanen birane surar wata ƙasa mai faɗi da zaki ke mulki a cikinta, kuma yaran da suka kalli wancan zane su ne iyayen yau, waɗanda ke ganin 'ya'yansu sun duƙufa a kan waya dare da rana, suna neman abin da zai ɗaga musu kai. Niyya ce da ba ta da aibi, domin malamanmu ma sun daɗe suna kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa saboda i'itibari da halittun Ubangiji. Hukumomi kuwa kuɗin waje suke bukata; gundumar Narok, mai kula da gandun Masai Mara, ta kai kuɗin shiga na baƙo baligi dala 200 a rana a rabin ƙarshe na shekara, tun daga 2024.

Amma a duba abin da ake nuna wa yaron. Bayan an yi yawon safiya an ga giwa da ɓauna, sai mota ta tsaya a bakin wani ƙauye mai shingen ƙaya, samari su fito da jajayen mayafai su jeru suna tsalle sama, a murza itace a kan itace har hayaƙi ya tashi, a sunkuya a shiga ɗakin da mata suka yaɓe da laka da kashin shanu, sa'an nan a ɓullo inda aka baje sarƙoƙin duwatsun ado ana ciniki. Duk abin bai cika wuce awa ɗaya ba. Babu ƙarya a cikin rawar ko ɗakin, sai dai an yanke su daga rayuwar da ta haife su, har yaron ya koma gida bai san cewa saurayin da ya yi masa tsalle yana da waya a ƙarƙashin mayafinsa, yana biyan kuɗin makarantar ƙanwarsa ta hanyar M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, yana kuma kwana da tunanin inda shanun mahaifinsa za su sha ruwa da rani ba.

Tunanin nan na ruwa da ciyawa shi ne zuciyar al'amarin, kuma shi ne abin da ba a faɗa wa baƙo. Filin da ake sayar masa da sunan dawar da ba kowa, makiyayar Masai ce. Turawan Ingila sun tashe su daga mafi kyawun ƙasarsu a Kenya da yarjejeniyoyin 1904 da 1911. A 1959 aka fitar da su daga Serengeti aka mayar da su Ngorongoro, bisa alkawarin cewa a can za su zauna da dabbobinsu. A watan Yuni na 2022 kuwa gwamnatin Tanzaniya ta shata murabba'in kilomita 1,500 a Loliondo ta hana kiwo a ciki, aka yi arangama da jami'an tsaro, aka zubar da jini, yayin da aka fara kwashe iyalai daga Ngorongoro ɗin kanta zuwa Msomera, can wajen Tanga, nisan ɗaruruwan kilomita. Wanda ya san halin da Fulani makiyaya ke shiga idan aka toshe burtali ko aka killace mashaya, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi. A ganina wannan zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi, domin da hoton Bamasai ake tallar wurin, alhali shi da kansa ana cewa ya yi wa wurin yawa.

Namun dajin ma ba su tsira ba. A mashigar kogi motoci kan yi cincirindo har su tare wa garke hanya, kuma dabbar da ke farauta da rana takan rasa abincin 'ya'yanta idan aka kewaye ta da injuna.

Duk da haka ba zan ce a daina zuwa ba, saboda akwai tsarin da ya fi kusa da adalci. A kewayen Masai Mara, masu filaye sun haɗa filayensu sun kafa gandaye irin su Olare Motorogi da Mara North da Naboisho, inda kamfanonin masauki ke biyansu haya wata-wata, ƙasar tana nan a hannun masu ita, ana ƙayyade yawan baƙi da motoci, ana barin shanu su yi kiwo bisa tsari, samarinsu kuma su ne masu gadi da jagorori. Iyalin da ya sauka a irin wannan wuri, kuɗinsa ya shiga gidan da ya dace, ɗansa kuma ya yini da Bamasai yana koya masa bin sawun zaki, yana tambaya ana ba shi amsa. Raunin tsarin shi ne ya rataya ga zuwan baƙo: da annobar korona ta tsayar da jiragen sama a 2020, masaukai suka zama kufai, aka rage kuɗin hayar da rabi a gandaye da dama, kuma magidantan da suka riga suka rage garkensu saboda dogaro da hayar su ne suka fi jin jiki.