Idan Ɗan Maƙwabciya Ya Kama Jijjiga: Aikinki da Aikin Ƙungiya

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya zauna sauro ya yawaita, da wuya unguwa ta wayi gari babu yaron da ke kwance da zazzaɓi. Yawancinsu suna warkewa. Amma akwai wanda jikinsa zai yi zafi rau, sai kawai a ga ido ya kafe, haƙora sun datse, hannu da ƙafa suna fizga. Wannan ita ce jijjiga, wasu su ce taune-taune. Ta fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 5. A wannan lokaci uwa ba ta cikin hayyacinta, kuma ba laifinta ba ne. Wadda ta fara shigowa da jin ihu, wato ke maƙwabciya, ke ce mai sauran natsuwa, don haka aikin a hannunki yake.

Ki karɓi yaron ki kwantar da shi a kan tabarma, a gefensa, yadda yawu ko amai zai zubo waje. Ki janye shi daga murhu da duk abin da zai buge. Ki cire masa kaya masu nauyi. Sai ki sa wata ta duba agogon waya, domin a asibiti za a tambaya minti nawa ya yi.

Abin da ya fi wuya shi ne hana mutane taimakon da ke cutarwa. Za a kawo cokali a ce a sa masa a baki kar ya haɗiye harshe. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Cokali dai yana karya haƙori, yana yanka dasashi. Za a kawo ruwa, ko man ja, ko jiƙo, ko rubutu a ce a ɗura masa. Yaron da ke jijjiga ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura huhu yake tafiya, kuma wannan kaɗai yana iya kashe shi ko da zazzaɓin bai kashe shi ba. Hayaƙin turare a ɗaki rufe yana ƙara toshe masa numfashi. Kada kuma a danne shi don a tsayar da fizgar, ba ta tsayawa da ƙarfi.

To, sau da yawa mai riƙe da cokalin kakar yaron ce, ba kuma za ki yi mata tsawa ba. Ki ce, “Inna, don Allah ki yi masa tofi, ni zan riƙe shi, rubutun a ajiye sai ya farfaɗo.” Kin ba ta aiki, kin kuma tsare bakin yaron. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana yin ta a ɗaki, ana yin ta a kan hanya.

Yawanci jijjigar zazzaɓi tana lafawa kafin minti 5. Idan ta wuce haka, ko ta dawo, kada a jira komai. Ko da ta tsaya yaron ya buɗe ido, a kai shi a ranar, domin daga gida ba mai iya bambance jijjigar zafin jiki kawai da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Gwajin jini na ɗan yatsa ne ke nunawa, kuma bai wuce minti 20 ba. In ya farka sosai yana haɗiya, a ba shi nono, ko ruwa da ɗan sukari, a shafe jikinsa da ruwa mai ɗumi-ɗumi, banda ruwan randa mai sanyi. Haka nan a gaggauta ko babu jijjiga idan yaro ya ƙi nono da ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi laushi ba ya farkawa, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat. Da bazara kuwa, in wuya ya sandare ko maɗigar jariri ta kumbura, a yi tunanin sanƙarau.

Wajen tafiya kada a goya shi a rufe da hijabi. Zafi zai ƙaru, kuma ba mai ganin fuskarsa. Ki rungume shi a gefensa, fuska a buɗe. Ki ɗauki kwalin duk maganin da aka ba shi daga kemis, in an ba shi na gargajiya ma a faɗa, kada a ɓoye don tsoron faɗan ma'aikaciya. A fara da asibitin da ya fi kusa. A wasu ƙananan asibitoci akwai maganin atesunet da ake sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ta dubura. Wannan riƙon ƙwarya ne don ya kai babban asibiti, ba a komawa gida bayansa ko da an ga sauƙi. Idan aka ce ku wuce babban asibitin Daura, ku wuce a lokacin, kuma namiji ɗaya ko biyu masu lafiya su biyo ku, saboda yaron da jininsa ya ƙone yakan buƙaci ƙarin jini, neman mai bayarwa da tsakar dare kuwa yana cin awanni.

Yanzu ga inda ƙungiya ta shigo. A ƙauyukan Ɓaure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, abin da ke riƙe uwa a gida ba kasafai yake zama rashin sani ba. Babu kuɗin mota a hannu, mai gida yana kasuwa ko ya tafi ci-rani ba a samu izininsa ba, ɗan acaɓan da aka sani wayarsa a kashe. Kowanne daga cikin ukun nan ana iya warware shi tun yaro yana wasa a tsakar gida.

Irin wannan asusu namu a nan kusa aka faro shi, a yankin Maraɗi, a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan da aka sani da Mata Masu Dubara. Tsarin ya bazu ƙasashe da yawa saboda amanar da ke cikinsa: akwati ɗaya, kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, ba a buɗewa sai a gaban kowa ranar taro. Wannan yana tsare kuɗinmu. Amma ku duba, idan kuɗin taimakon gaggawa ma yana cikin akwatin, yaro ya kama jijjiga ƙarfe biyun dare, ɗaya mai makulli ta tafi biki wani gari, me ya amfana? A ganina kowace ƙungiya ta ware wani abu daga asusun taimako ta ajiye a wajen akwati, a hannun mace ɗaya amintacciya da ba ta cika tafiye-tafiye ba, a rubuta a littafi, a riƙa ƙirga shi a gaban kowa duk ranar taro. Nawa? Ku lissafa da kanku: kuɗin abin hawa daga garinku zuwa Daura da farashin dare, da kati, da gwaji, da maganin farko. Farashin mai yana canzawa, don haka a sake lissafin duk farkon damina.

Maganar izini kuma a yi ta da rana tsaka. Kowace ta samu mai gidanta cikin natsuwa: “Malam, in ba ka nan yaro ya shiga wani hali, ka yarda in fita da shi?” Wasu ƙungiyoyin za su fi jin daɗin shugaba ta je wajen mai unguwa ko liman a sanar da maza gaba ɗaya. A kuma samu lambar masu abin hawa aƙalla uku da suka yarda a tashe su da dare, a rubuta a bangon littafin ƙungiya, kowace mai waya ta adana.

Sai rigakafi. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina, shi ne wanda ake bi gida-gida da shi. Na kwana uku ne. Masu rabo suna ba da na ranar farko, na biyu da na uku a hannun uwa suke, kuma a nan ake yawan mantuwa. Ku riƙa tuna wa juna a taro, tare da gidan sauro.

Akwai tambaya ɗaya da ya kamata ku yanke kafin ta taso: idan uwar yaron ba 'yar ƙungiya ba ce fa? Kuɗin na mambobi ne, gumin su ne, kuma mai ajiya za ta ji tsoron a tuhume ta. In ba a rubuta komai ba, za ta tsaya neman shugaba yaro yana kwance. Ni dai shawarata a rubuta cewa mai ajiya tana da ikon fitar da kuɗin nan take ga kowane yaro a unguwa, da shaidar mamba ɗaya. Ko kyauta ne ko rance ne ga wadda ba mamba ba, da yadda za a mayar da abin da aka fitar, wannan a tattauna shi a taro na gaba, sakatariya ta rubuta.