Yawon ƙafa zuwa gidan Kenwood a Landan

Ɗan'uwa, in sarin kaya ya kai ka Landan, kada ka ƙare tsakanin kanti da masauki. Yawan zama na cikin abin da ke jawo mana hawan jini da ciwon suga.

A arewacin birnin akwai filin shaƙatawa na Hampstead Heath, hekta 320. Hanyar ƙafa ta taso daga tudun Parliament Hill, ta bi gefen tafkuna, ta ɓulle tsohon gidan Kenwood. Tafiyar kamar rabin awa ce, shiga kuma kyauta.

Gidan alƙali Mansfield ne, wanda a 1772 ya hana a fitar da wani bawa, James Somerset, daga Ingila ala tilas. A nan Dido Belle, 'yar wata baiwa baƙar fata, ta girma.

Ka tafi da yara su ga tarihi da idonsu. A sa takalmi mai ƙwari, don in an yi ruwa akwai taɓo.