Adon Kirsimeti a Ƙasar Kankiya da Kusada a Zamanin Turawa

A zamanin Turawa Kiristoci kaɗan ne a ƙasar Kankiya da Kusada, domin gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi. Sai a 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, mishan ɗin SIM ya karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga, daga baya ya kafa tasha a Matazu, maƙwabciyar Kankiya. Waɗanda suka bi sabon addinin galibi Maguzawan karkara ne, kuma da abin da hannunsu ya saba suka ƙawata bikin Kirsimeti.

Kirsimeti yakan faɗo cikin hunturu, an gama girbi, rumbu ya cika, kuɗin gyaɗa ya shigo hannu. Lokacin gyaran gida ne ga kowa, Musulmi da Kirista. Maza su yanko gamba su saƙa sabuwar zana, su sake jinkar ɗaki, su yaɓe bangon da damina ta zaizaye.

Aikin da ya fi armashi na mata ne, wato daɓe. Uwargida ta gayyato maƙwabta, a baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwa, a durƙusa a jere kowace da madaɓinta. Bugu ɗaya suke yi, waƙa na tafiya da shi, ana zolayar wadda hannunta ya mutu. In ƙasa ta kwanta sai a shafe ta da ruwan makuba, wanda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ta yi ja-ja-ja tana sheƙi. Bango kuwa a wanke shi da farar ƙasa. Sannan a sauko da jere, a goge ƙorai da tasoshi, a mayar da su hawa-hawa, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Mai hali ta ƙara da sabbin kwanukan kanti.

A wancan zamani majami'a ma ginin ƙasa ce mai rufin ciyawa, don haka gyara ɗaya take samu da ɗakin uwargida: daɓe, farar ƙasa, sabbin tabarmi, da fitilar ƙwai saboda sujadar dare. Karatu da Hausa ake yi, tunda Littafi Mai Tsarki ya fito da harshen tun 1932.

Siminti da fenti sun kusan kashe daɓe a yau, amma tsofaffi har yanzu da tsabtar tsakar gida suke auna shirin biki, na Sallah ne ko na Kirsimeti.