Tasirin Tsatsa ga Ƙarfin Jan Ƙarfe Wajen Kashe Ƙwayoyin Cuta

Gabatarwa

Jan ƙarfe da dangoginsa, watau tagullar da ake haɗawa da tutiya ko da kuza, suna da wata baiwa wadda baƙin ƙarfe ba shi da ita: ƙwayar cutar da ta sauka a kansu ba ta daɗewa da rai. A shekarar 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi rajistar irin waɗannan ƙarafa, bisa shaidar cewa suna kashe fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na wasu ƙwayoyin bakteriya cikin awa biyu. Saboda haka wasu asibitoci suka shiga yin mariƙan ƙofa da ƙarfen gefen gado da su. To, amma jan ƙarfe yakan dushe idan ya sha iska. Abin tambaya shi ne, in ya dushe, baiwar tasa takan tafi tare da sheƙinsa?

Yadda Kisan Yake Faruwa

Idan ƙwayar cuta ta taɓa jan ƙarfe, 'yar laimar da ke jikinta takan narkar da wasu ƙananan ɓarɓashi masu ɗauke da cajin lantarki. Su ne suke huda fatar ƙwayar, su kutsa ciki, su lalata ƙwayoyin halittarta. Ke nan asirin yana ga sakin ɓarɓashin nan. Duk abin da ya hana su fita ya karya lagon ƙarfen.

Tsatsa Iri Biyu

Haɗuwar jan ƙarfe da iskar oksijin tana haifar da tsatsa iri biyu. Ta farko ja-ja ce, ana rubuta ta Cu2O, ita ce kuwa ta fi samuwa a busasshiyar iskar ɗaki. Ta biyu baƙa ce, ana rubuta ta CuO, takan fito ne inda zafi ya tsananta ko ƙarfen ya daɗe a jiƙe.

A shekarar 2013 wasu masana daga Jamus da Suwizalan suka gwada su biyun da ƙwayar Enterococcus hirae. Suka tarar da cewa jar tsatsa tana kisa daidai da gogaggen jan ƙarfe, baƙar kuwa ta rage saurin kisan ƙwarai, domin ɓarɓashin da take saki bai kai na 'yar'uwarta ba. Ashe mariƙin ƙofar da ya yi duhu don shan iska kawai yana nan bisa aikinsa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Babban haɗari yana ga ƙoƙarin hana dushewa. Masu ƙera kayan tagulla sukan shafe su da fenti mai sheƙi ko kakin zuma don su daɗe suna walƙiya. Wannan shafi yakan shiga tsakanin ƙarfe da ƙwayar cuta, sai kisa ya tsaya. Haka nan dattin hannu da maiƙo, in suka taru suka yi kauri, sukan zame wa ƙwayoyin cuta garkuwa.

Kammalawa

Ba a auna amfanin jan ƙarfe a asibiti da sheƙinsa. Abin da yake bukata shi ne a riƙa goge shi, a bar shi a bushe, kada a shafa masa kome. Duk da haka taimako ne kurum, bai ɗauke wa ma'aikaci wanke hannu ba.