SASSAN KWAMFUTA DA AIKIN KOWANNENSU

Tun da yake kwamfuta ta karɓe aikin tafireta a ofisoshi, ya kamata hakimai da malamansu su san sassanta, domin takardun gonaki da na gado da na sulhu da ake zubawa a cikinta amanar talakawa ce. Wanda bai san inda dukiyarsa take kwana ba kuwa, ba zai iya tsaronta ba. Sassan nan kashi huɗu ne.

Kashi na farko su ne masu shigar da aiki. Akwai madannai, watau allon haruffa irin na tafireta. Akwai linzami, wanda ake ja bisa tebur don a nuna abin da ake so a buɗe. Wani mutumin Amurka, Douglas Engelbart, shi ya fara gwada shi a gaban jama'a cikin 1968. Sa'an nan akwai sikana, wadda ke ɗaukar hoton takarda ta shigar da shi ciki.

Kashi na biyu su ne masu sarrafa aiki, suna cikin akwati. Mutane kan zaci gilashin nan da ake kallo shi ne kwamfutar, amma ba haka ba ne. A cikin akwatin akwai babban allo wanda aka kafa kome a kansa. A nan furosesa take, ita ce ƙwaƙwalwa mai yin lissafi da bin umarni. Wadda kamfanin Intel ya fitar cikin 1971 ƙananan makunnai 2,300 gare ta. Na yanzu kuwa suna da biliyoyi. Kusa da ita akwai RAM, wanda ya yi kama da teburin malami: nan ake baje aikin da ake ciki.

Kashi na uku shi ne rumbun ajiya, kwatankwacin kabad ɗin ofis. Na farkonsa kamfanin IBM ya ƙera cikin 1956, da fayafai 50, yana ɗaukar haruffa wajen miliyan 5. Yau filashi ɗan kamar yatsa ya ninka wannan sau dubbai.

Kashi na huɗu su ne masu fitar da aiki, watau allon kallo, da firinta mai buga takarda, da lasifika. A kwamfutar tafi-da-gidanka an haɗa yawancin waɗannan sassa wuri ɗaya, amma aikinsu bai sake ba.

To, abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne bambancin tebur da kabad. RAM ba ya riƙe kome sai da wutar lantarki. Idan malami ya yini yana rubuta sunayen masu gonaki, bai adana a rumbu ba, aka ɗauke wuta, aikin nan yana iya tafiya gaba ɗaya. Rumbun shi ma ba dawwamamme ba ne, yakan tsufa, yakan lalace ba sallama. In allon kallo ko firinta suka mutu, kuɗi ne kawai ya tafi, a sayo wasu. In rumbu ya mutu babu kwafe, shaidar mutane ce ta ɓace, daga nan sai rigimar iyaka ta tashi.

Saboda haka ana roƙon hakimai su lura malamansu suna kiyaye waɗannan abubuwa. A riƙa adana aiki a kai a kai. A riƙa kwafe takardu masu muhimmanci cikin filashi kowane mako, a ajiye shi a wani ɗaki dabam. A haɗa kwamfuta da batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta. A rufe ta da ƙyalle bayan an kashe ta, balle lokacin hunturu, domin ƙura tana toshe fanka, zafi ya yi wa furosesa yawa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.