Yadda Za Ka Gane Gyazama A Gonarka

A ƙasar Ƙaraye da Rogo, inda dawa da masara su ke yi ƙwarai, akwai wata ciyawa da a ke kira gyazama. Ba baƙuwa ba ce, 'yar ƙasa ce. Ita ba kamar gamba ta ke ba. Gamba saiwarta ba ta mutuwa da rani, amma gyazama damina ɗaya ta ke yi ta mutu. Irin da ta zubar shi ke tsirowa baɗi.

Muguntarta ita ce, sa'ad da ta ke ƙarama kamarta ɗaya da dawa, har farin layin nan na tsakiyar ganye. Mai noman firi ya kan bar ta yana tsammani shuka ce, ita kuwa ta yi ta shanye taki. Amma kama da wane ba ta wane. Ga alamu 4 da za ka rarrabe su:

1. Shafa gindin karan a hankali. Na dawa da santsi ya ke. Na gyazama yana da gashi mai ƙarfi, ya kan soki hannu, ya sa ƙaiƙayi.

2. Tumɓuke ƙarama ɗaya, ka dubi saiwa. Dawa daga ƙwaya kewayayya ta ke fitowa. Irin gyazama kuwa dogo ne kaɗan, kamar guntun tsinke.

3. Dubi karan. Ya fi na dawa siranta, yana kuma yin rassa, ko da ya ke tsawonsa ya kan kai ƙafa 10.

4. Dubi kan. Ba ta yin zangarniya. Kanta siriri ne kamar wutsiyar ɓera, gaɓa gaɓa. In ya nuna sai ya kakkarye, kowace gaɓa da iri a cikinta.

To, wannan alama ta huɗu kada ka jira ta, gama wanda ya jira ya makara. Irin ya kan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara guda bai mutu ba. Cire ta tun a noman firi, ka koma kanta a maimai. Kada ka manta da bakin gona da gefen hanya. Ɗanyarta ƙarama dabbobi suna ci, watau ko cirar ma ba asara ba ce. Ka kuma nuna wa yaranka alamun nan kafin su ɗauki fartanya.