Ɗaukar Hoton Ƙananan Samfura: Kayan Gida da Kayan Kanti

Tun cikin shekarun 1950, sa'ad da kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da ɗan jirgin yaƙin nan Spitfire na roba bisa ma'aunin 1:72, wato kowane inci guda na samfurin yana madadin inci 72 na jirgin ainihi, masu sha'awar harhaɗa ƙananan jirage da motoci suka yawaita a Turai da Amurka da Japan, kuma da yawaitarsu wata mas'ala ta taso, ita ce yadda za a ɗauki hoton abin da bai fi tafin hannu ba har mai kallo ya zaci ƙato ne. A nan ma'abota wannan fanni suka yi saɓani, wasu suka ce a sayi akwatin haske a kanti, wasu suka ce a haɗa shi a gida.

Shi na kanti akwati ne mai naɗewa, an jera masa ƙananan fitilun LED waɗanda launin haskensu yakan kusanci 5,500 a ma'aunin Kelbin, daidai da hasken rana tsaka, kuma fa'idarsa ita ce sauƙi da rashin sauyin launi daga hoto zuwa hoto. Amma yana da illa biyu. Girmansa ƙayyadadde ne, ta yadda samfurin jirgin ruwan Yamato na kamfanin Tamiya, mai ma'aunin 1:350 da tsawon kimanin santimita 75, ba zai shiga ƙaramin akwati ba. Sannan haskensa, da yake yakan mamaye ko'ina bai ɗaya, yana shafe inuwar da ke bayyana tsage-tsagen jikin jirgi da ƙusoshinsa, alhali kuwa dominsu magini ya ɓata dararensa.

Na gida kuwa kwali ne ake yanke wa tagogi a gefe biyu da sama, a rufe su da alawayyo ko takarda shara-shara, a ɗauko farar takarda mai kauri a manna bakinta a bangon baya, a bar ta ta gangaro ƙasa a lanƙwashe ba tare da karyewa ba, domin kada layin kusurwa ya fito a bayan samfurin. Sai a girka fitilar tebur a dama, a ja ta hagu baya kaɗan, don gefe guda ya fi haske. Hikimar yadin ita ce yana faɗaɗa mafitar haske, kuma gwargwadon faɗinta gwargwadon taushin inuwa. Sharaɗi dai shi ne ƙwayayen fitilun su zama iri ɗaya, domin tsohon ƙwai mai zare, wanda haskensa ke wajen 2,700 a ma'aunin Kelbin, rawaya-rawaya yake, in ya gauraya da fari sai fenti ya jirkice. Ga tsohon ƙwan kuma da zafi, kusantar da shi ga takarda ganganci ne.

Sai dai a ganina duk wannan jayayya reshe ce, asalin al'amarin yana ga kyamara. Idan aka matso da ita kusa da ƙaramin abu, hancin jirgin zai fito tangaran, wutsiyarsa ta dushe, nan take ido ya gane abin wasa ne. Maganinsa a tsuke ƙofar hasken kyamarar zuwa f/16 ko makamancin haka. Kuma wannan ilmi yana da tushe a aikin Ibnul Haisam, mutumin Basra mai Kitabul Manazir, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya kuma tabbatar da gwaji cewa haske a miƙe yake ratsa ƙaramar kafa zuwa ɗaki mai duhu. To, ƙofa in ta tsuke haske yakan ƙaranta, dole a tsawaita lokacin ɗauka, hannun ɗan Adam kuwa ba ya rabuwa da rawa, saboda haka maɗori mai ƙafa uku ya zama wajibi. Haka nan a sauke idon kyamara ƙasa ƙwarai, domin mutumin da ke tsaye gefen jirgi, in an mai da shi ma'aunin 1:72, idonsa bai wuce santimita 2 da 'yan kai daga ƙasa ba. A kuma share ƙura da lallausan buroshi kafin ɗauka, don ƙwayarta guda takan fito ƙuru-ƙuru a kan fiffike.

Wanda ke sayar da samfura, yana ɗaukar hotuna masu yawa kullum, akwatin kanti ya fi dacewa da shi. Amma kai mai koyo, haɗa naka da kwali, kuɗin da ka tanada ka sayi maɗori da ƙwayayen fitila biyu iri ɗaya.